Makaɗin da Zuciyarsa Ta Saɓa Kiɗa

Shekara arba'in Sambo Ganga yana yi wa manoman Kambaza kiɗan gayya, ba a taɓa jin ya saɓa ba. Shi ya sa nan da nan ya gane zuciyarsa ta canja salo: ta buga uku, ta yi shiru, sannan ta zabura.

Da likitoci masu binciken ciwon zuciya suka zo Kalgo, ya je. Kafin a manna masa na'ura, ya ƙwanƙwasa musu bugun a kan tebur. Takardar da na'urar ta fitar ta gaskata shi.

"Baba, irin wannan bugun yakan sa jini ya daskare, ya shanye ɓarin jiki," in ji wata likita daga cikinsu. "Ka riƙa zuwa duk wata kana karɓar magani."

Wata huɗu bai fasa ba. Da damina ta kankama, gayya ta yi yawa, ya ce sai an gama noma.

A gonar maƙwabcinsa ya faɗi, hannun dama ya mutu. Yanzu gangar tana rataye a zaure. Idan manoma za su wuce da safe, yakan roƙi matarsa Huseina ta juya shi ya fuskanci bango.