Juwairiyya da Rikicin Gamayyar Kampung Baru

Juwairiyya 'yar Gwale ce, malamar firamare, kuma tun a gida an san ta da kaifin harshe. Ta biyo mijinta Sharfaddeen zuwa Kuala Lumpur lokacin da ya samu gurbin digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Zaman ɗaki ta yi ta yi, har ranar da ta aiki 'yarta Rufaida ɗauko ludayi, yarinyar ta tsaya tana zare ido, ta tambaye ta da Malayanci mene ne shi. Ran Juwairiyya ya ɓaci. Ta bi gidajen matan ɗalibai tana cewa kowace ta turo mata 'ya'yanta ranar Asabar, ta koya musu Hausa da karatun Alƙur'ani.

Ba a daɗe ba falonta ya yi kaɗan. Wata dattijuwa Bamalaya, Kak Khaulah, mai kula da sashen mata a wani ƙaramin masallaci na Kampung Baru, ta ba su wuri bisa sharaɗin a karɓi yaran unguwa. Daga baya matan Indonesiya masu sayar da kifi a kasuwar Chow Kit suka kawo nasu, waɗanda yawancinsu ba sa zuwa makaranta. Haka gamayyar ta kafu. Hausawa na koyar da karatu, matan masallaci na raka masu ciki asibiti su yi musu tafinta, 'yan kasuwa na dafa abincin rana. Shekaru aka yi a haka, duk da ba a rasa mai kukan cewa Juwairiyya ba ta iya magana ba.

Rigimar ta taso ne daga Maitama, shugaban ƙungiyar ɗalibai 'yan arewa. Ɗansa Hisham ya koma gida daga ajin da ƙazwa a hannu, da wani zagin kasuwa a baki. Maitama ya tara iyaye a wani shagon mamak, inda ake shan shayi da gurasar roti, ya ce ba su ƙetaro teku don 'ya'yansu su gauraya da yaran bakin kwata ba. Shawararsa ita ce a raba aji, na Hausawa ya dawo ƙarƙashin ƙungiya.

Juwairiyya ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Ranar da matarka take naƙuda kana ɗakin karatu, uwar wani daga cikin yaran kwatar nan ce ta riƙe ta a tasi," in ji ta. "Yau ne suka zama ƙazamai?"

Maitama ya juya ga Sharfaddeen, ya ce, "Malam, ka ja wa iyalinka kunne. Nan ba Gwale ba ce."

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi maganar Maitama yi mata ciwo, kuma ta daɗe ba ta yafe masa ba.

Daga ranar mata suka rabu biyu. Bilqis, aminiyarta da suke zuwa cefane tare, ta janye 'ya'yanta, ta ce mijinta ne ya hana. Juwairiyya ta aika mata cewa ta riƙe uzurinta, ba ta buƙata. Aka fara yaɗa cewa suna take nema wurin Malayawa. Ita ma ba ta raga wa kowa ba. Duk wadda ta cire ɗanta sai ta tare ta a tashar jirgi ko a bakin masallaci ta faɗa mata maganar da ba za ta manta ba. Har waɗanda suka so tsayawa da ita sai da bakinta ya kore su. Aka daina gayyatarta suna, aka cire ta daga zauren matan a waya.

Kak Khaulah ta taɓa zaunar da ita ta roƙe ta ta sassauta, ta ce yara ake yi wa aikin, ba iyayensu ba. Juwairiyya ta ce wanda ya raina talaka bai cancanci lallashi ba.

Ajin Maitama ya buɗe a falon wani malami, ya yi 'yan watanni ya mutu, don ba wadda ta yarda ta ba da Asabar ɗinta kyauta. Gamayyar kuwa ta ci gaba da ƙafa biyu, wato matan masallaci da 'yan kasuwa, Rufaida kaɗai ce Bahaushiya a cikin yaran.

Da Sharfaddeen ya kammala karatu suka fara shirin komawa Kano, sai matan ƙungiya suka haɗa mata walimar bankwana, Bilqis ta zo da kanta gayyata. Juwairiyya ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ba ta ce ta shigo ba.

"Ku ci abinku lah," ta ce, tana rufe maganar da salon Malayawa. "Wanda zai yi kewata yana Chow Kit."

Ranar walimar a kasuwa ta wuni, tana taya wata mai kifi fere albasa.