Jirgin Baba a Jikin Rumbu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe Baba a Matankari. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, don haka zan faɗi abin yadda yake.

Lokacin yaƙin Jamus na farko Nasara suka kama shi soja. Sauran an ba su bindiga, shi aka miƙa masa shebur. Suka sa shi cikin wani ɗan siririn jirgin ruwa na ƙarfe, mai ɗauke da dogon harsashi da ake saki ƙarƙashin ruwa ya je ya huda cikin babban jirgi. Baba bai taɓa ganin sakinsa ba. Yana can ƙasa yana zuba gawayi a wuta, teku na girgiza shi da abokan aikinsa har su yi amai bisa ƙafafunsu.

Ya dawo da tari, kunne ɗaya ya mutu. Da ya ba da labari, mutane suka ce ƙarfe ba ya tafiya bisa ruwa, iskoki ne suka taɓa shi. Har garin Lugu aka kai shi wurin bokaye neman magani. Ina saurayi, wata rana muna yaɓen rumbu, ya sa yatsa cikin ɗanyar laka ya zana jirgin, da bututun hayaƙi, da ramin da yake tsayawa. Ya ce, "Kai, in kana yaɓe ka kewaye wurin ga. Shi kaɗai ne shaidata."

Yau ga mu da mulkin kai. Mushen lakwal, malamin da ke koyar da yaranmu, ya gaya mini can ƙasar Nasara ana ajiye irin tsofaffin jiragen nan, a shafa musu fenti, yara su zo kallo. Na tambaye shi ko ana tuna masu zuba gawayi. Sai ya gyara tabarau. Da Baba na nan, dariya zai yi har tarin ya shaƙe shi.

Kowace shekara in ina yaɓen rumbun ina kewaye wurin zanen. Bana ya tsage, damana ta shiga, hatsi ya soma ruɓa. Matata ta ce, "Maigida, zanen za mu dafa wa yara?" Gaskiyarta. Na kwaɓa laka na shafe shi. Na gwada maido shi da yatsana, ya fito kamar komin shanu a bakin rijiya. Na shafe wannan ma.

Hatsi ya tsira. Jirgin Baba kuwa, abin da ya rage yana cikin kaina, ni da ban taɓa ganin teku ba. Kuma tun yanzu na soma mance ta wane gefe gaban jirgin yake kallo.