Dattin da Glenys Ta Wanke

Duk wanda ya san Glenys Hartigan a garin Mackay ya san ba ta da abokin gaba a duniya sai datti. A gonar rake aka haife ta, ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, zamanin da ake cinna wa rake wuta kafin a sare shi. Toka ta riƙa sauka a kan shanyar uwarta kamar an aiko ta, kuma Glenys ce mai kwashewa ta sake wankewa. Tun daga nan suka ƙulla gaba. Ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin wankin asibiti tana dafa zannuwan gado, ta fito da hannaye kamar kilishi da hanci mai jiyo tsamin tawul tun daga bakin titi. In za ta kawo ziyara, matan unguwa har bayan firji suke sharewa. Ko kare bai taɓa kwana a gidanta ba. Mijinta Merv ma haƙuri aka yi da shi, don yana wanka.

Merv mai dafa sukari ne a masana'antar rake. Shekara arba'in yana leƙen ruwan rake ta 'yar tagar gilashi, da ido kawai yake sanin ya yi. Bayan ya ajiye aiki da shekara biyu, wata 'yar shanyewar jiki ta shafe shi ta wuce. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma ta bar masa tsoro. In ya manta inda ya ajiye tabarau sai ya zauna shiru yana kallon tafin hannunsa. Ubansa haka ya ƙare, bai san sunan matarsa ba. 'Yarsu Narelle da ke Brisbane kuwa ta fara kawo zancen ya ajiye tuƙi, ya je likita ya auna masa ƙwaƙwalwa.

Ita Narelle ɗin ce ta aiko masa da tankin kifi na gilashi, mai tsawon gado, wai ya sami abin yi. Merv ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyayi, ya cika ruwa, ya ɗiga maganin da ke kashe sinadarin ruwan famfo, ya kunna matatar ruwa, wani baƙin akwati mai gurnani a gefen tankin. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"Ina kifin?" in ji Glenys.

"Sai ruwa ya tsumu."

"Ruwa ne ko giya?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Kashin kifi guba ne a ruwa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu cinye gubar, kuma sai sun yi gida sun hayayyafa a cikin matatar kafin a sa kifi ko ɗaya. Abin yana cin sati biyar ko shida. Ya faɗa mata duk wannan, har da cewa ba a wanke matatar da ruwan famfo, don yana kashe halittun. Ita tana guga tana cewa "to, to", kamar yadda ta saba shekara arba'in da shida.

Kullum da safe sai Merv ya barbaɗa wa ruwan da ba kowa a ciki abincin kifi, don ya ruɓe halittun su ci. Ya ɗebi ruwa a 'yan kwalabe biyu, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ɗaga su saitin taga. Ta farko in ta yi kore, akwai guba, ana son ta zama rawaya. Ta biyu in ta yi shunayya, da saura, ana son shuɗi garau. Glenys ta sa masa suna makiyayin ruwa. Ta gaya wa matan coci cewa mijinta ya yi kiwon da ba a taɓa yi ba, ba kuka, ba kashi, ba abin gani. Amma ta lura tun da aka fara wannan shirme bai ƙara zama yana kallon tafin hannunsa ba.

A sati na uku Salvu Chetcuti ya tsallako daga gidansa da ke ƙarshen layi. Shi ɗan asalin Malta ne, tsohon manomin rake, mai tankunan kifi shida a garejinsa da mata, Carmen, mai haƙurin waliyyai. Ya zo da wani abu a leda yana riƙe da shi kamar jariri. Glenys tana kicin, ba ta ga ko mene ne ba, ta dai jiyo Merv yana godiya kamar an ba shi gona. Soso ne daga matatar tankin Salvu mai shekara ashirin, cike da laka mai ruwan ƙasa. Wurin masu kiwon kifi ba kyautar da ta fi wannan, don a cikin lakar nan halittun suke. Salvu ya cusa shi a matatar Merv ya rufe, ya ce kada ya kuskura ya buɗe sai bayan wata uku.

Ranar Alhamis ta sati na biyar Merv ya ɗaga kwalabensa, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi. Ya kai su har gaban Glenys.

"Duba nan, Glen. Idon nan bai mutu ba tukuna."

Ya sa hula ya tafi kulob wasan gangara ƙwallo, zai gaya wa duk mai kunne gobe kifi za su iso.

Glenys ta ce to, tun da baƙi za su zo, bari a gyara musu masauki. Ta goge gilashin ciki da waje. Tana goge bayan baƙin akwatin sai hancinta ya tsinto wani abu kamar warin kududdufi. Ta buɗe. Abin da ta gani ya sa ta dafe bango. A falonta, kusa da hoton bikin Narelle, sati biyu wannan ƙazanta tana zaune. Ta kwashe soson da duk abin da ke ciki ta kai wurin wanki, ta sakar musu ruwan zafi, ta jiƙa su a bilic, ruwan nan na faranta kaya, ta ɗauraye sau bakwai, don ba za a ce ta bar ƙamshin bilic a kaya ba. Ta mayar da komai yadda ta same shi ta rufe. Ba ta faɗa wa Merv ba. Wanda ya wanke abu a gidan nan tun fil azal ba ya sanarwa.

Ranar Juma'a kifi takwas suka iso, irin na rafukan arewacin ƙasarsu da ake kira bakan gizo. Da hasken safe ya taɓa su sai su yi ja da shuɗi kamar an kunna su. Glenys ma ta tsaya kallo da tsumma a hannu.

Ranar Talata suka taru a saman ruwa suna haki. Laraba da safe ɗaya ya kife. Merv ya ɗebi ruwa, kwalba ta farko ta fito kore shar. Ya sake, ta sake. Kafin Juma'a uku sun tafi, ya binne su a gindin mangwaro.

"Rawaya na gani ranar nan," in ji shi tun a Larabar. Ba da ita yake ba, da kwalbar yake. "Ko dai ban gani ba? Ko maganin ruwan famfo ne na manta? Glen, kin ga na sa?"

"Ni ina na sani, kullum kana cikin ɗige-ɗige."

Tun ranar Talata take zargin wani abu. Da ya ce ruwan famfo sai ta gane wankinta ne ya kashe halittun. Maganganun da ta yi wa "to, to" suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu bin layin asibiti. Ta buɗe baki, sai ta ce shayinsa zai huce.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In Merv ya doshi tankin sai ta tuna tana da aiki a bayan gida. Ta gasa masa kek ɗin kabewa ba ranar Lahadi ba. Ta bar shi ya shigo da takalmi har falo ba ta ce uffan ba, shi kuwa wannan ya ƙara tsorata shi, don ya san mai lafiya ba a yi masa haka a gidan Glenys. Ya daina ɗaga kwalabe. Ya ce amfanin me, tun da ba ya iya bambanta launi. Ta jiyo shi a waya yana ce wa Narelle ta sa masa rana wurin likitan nan.

Matar da ta taɓa mayar wa babban likita rigarsa ta ce wuyan bai fita ba, ita ce ta kasa furta kalma huɗu a falonta. Ba tsoron faɗa take yi ba, Merv bai iya faɗa ba. A kan datti ne ba ta taɓa yin kuskure ba, kuma in aka cire mata wannan ba ta san me ya rage ba.

Ranar Asabar ta ɗauki roba mai murfi ta nufi garejin Salvu. Dabararta ita ce ta samo wani soson ta cusa a ɓoye, ruwa ya gyaru, magana ta mutu.

Salvu ya dubi robar, ya dube ta.

"Glenys Hartigan ta zo roƙon datti. Carmen, zo ki gani, a buga ƙararrawar coci."

"Rage murya, tsohon banza. Na Merv ne ya lalace."

"Soso ba ya lalacewa, 'yar uwa. Sai dai a lalata shi. Da me kika wanke?"

Ta dubi kifayensa. "Bilic."

"Shekara ashirin ina kiwon lakar nan. Ta tsallake guguwa biyu da ɗaukewar wuta na kwana tara. Ashe ajalinta a hannunki yake." Ya tsoma hannu ya ciro wani soso yana ɗiga, ya sa mata a roba, ya rufe shi da ruwan tanki. "Wannan zai ceci kifin da suka rage, in an haɗa da sauya ruwa kullum. Amma jiya Merv ya ce in zo in kwashe tankin, ya ce kansa ya fara tafiya. Ni ba ni da soson wannan."

Ta dawo gida da robar a gaba, tana tafiya a hankali kada ruwan ya zube. Ta tarar da Merv a teburin kicin. Makullin mota na gabansa, ya cire shi daga cikin makullan gida ya sa a ambulan, ya rubuta sunan Narelle a kai.

Ta ajiye robar a kan tebur, a kan farin zanen da ta goge da safe. Ruwan laka ya yi masa zobe.

"Ni na wanke soson Salvu. Da ruwan zafi da bilic. Rawaya ka gani, Merv. Ba abin da ka manta."

Merv ya ɗago. Ta ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda ya sauke buhu, har ya yi 'yar dariya ta hanci. Ta fara murna ta tsira. Sai ya ce, "Yaushe?"

"Ranar Alhamis ɗin da ka je kulob."

"Yaushe kika gane shi ne?"

Nan ne ta so ta rage kwana ɗaya ko biyu. "Laraba. Da ka yi maganar ruwan famfo."

Ya lanƙwasa yatsu a hankali, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ya tsaya yana kallon yatsu huɗun.

"Wankin ban ji haushinsa ba, Glen, na san wadda na aura. Amma kina zaune a nan na kira Narelle."

Merv ya yage ambulan, ya mayar da makullin cikin 'yan uwansa, ya ɗauki robar ya nufi falo. Ta biyo shi da bokiti ba tare da an ce ta kawo ba. Ya nuna mata inda za ta tsaya da yawan ruwan da za a zuƙe, ta riƙe tiyo, ruwa mai ƙarni yana fantsalo mata a siket. Suka yi aikin har suka gama. Kifi biyar suna zagaye hannunsa.

Da ya rufe matatar ya goge hannu a wando, ya ɗauko wayar gida ya miƙa mata.

"Kira 'yarki. Ke za ki gaya mata, tun daga farko."

Glenys ta zauna a bakin kujera da jiƙaƙƙen siket, ta danna lambar. Narelle ta ɗauka tun bugu na biyu, ta ce, "Mama, jikin Baba ne?"

"Babanki ƙalau yake," in ji Glenys. "Samu wuri ki zauna."