Hoton Ba Modu Ba Hula

Maiduguri

Kiran assalatu ya same ni a tsakar gidanmu da ke unguwar Hausari, ina naɗe jakar kyamara da gyale kamar mai shirin goyon jariri. Inna na tsaye a kaina tana nanata cewa ita ba ta ga dalilin da zai sa mace ta kwana a hanya saboda hoton hula ba. Na ce mata ai ba hula ce kawai ba. Ta ce, "To mene ne, rawani?" Na karɓi ƙullin dabinon da ta miƙo min, na yi sallah, na tare keke zuwa tasha.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni. Sana'ata ɗaukar hoton biki. Amma duk ranar da ba ni da biki, rumfar Ba Modu nake zuwa, wato Baba Modu a bakin Barebari, mai wankin hula a bayan Kasuwar Kwastam, aminin marigayi mahaifina. Yakan wanke hula, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan gungume mai siffar kai, ya jera a rana. A ƙarshen rumfar akwai layi guda da ba ya raguwa. Hulunan mutanen da suka kawo wanki ne a shekarun tashin hankali, ba su dawo karɓa ba. Bai sayar ba, bai kyautar ba. Duk gabanin Sallah sai ya sake wanke su ya jera, ko Allah zai kawo masu su.

Da na ji wani bikin baje kolin hotuna a ƙasar waje ya buɗe ƙofa ga kowa ya aika aikinsa, na ce hulunan nan za su je. Sai dai wanda wani tsohon hannu ya tsaya masa, nasa ake fara dubawa. Wanda ba shi da kowa kuwa, sai ya bi layin gama-gari da mutanen duniya kaf. Aka haɗa ni da Oga Bashir, mai ɗaukar hoto da ya daɗe a Turai, yanzu yana Abuja. Ya ce in zo da aikin ya gani da idonsa.

Ana gobe zan tafi na je sallama, Ba Modu ya ce, "'Yata, ki kai musu duk abin da kika ga dama. Amma wannan da kika ɗauke ni ba hula, ban yarda ya shiga idon baƙi ba." Wata rana ce ta zafi ya cire hularsa zai share gumi, ya tsaya yana kallon layin nan, idonsa ya yi ja, ni kuwa na danna. A garinmu dattijo ba ya fita gaban mutane kai a buɗe, tamkar ka fito da shi ba riga ne. Na ce na ji, na yi alkawari. Amma ban goge hoton daga kwamfutata ba, domin tunda nake ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba.

Damaturu zuwa Bauchi

Sai da rana ta fito aka buɗe hanyar fita gari, motoci suka yi ta kwarara. Direbanmu, Bukar, mutum ne mai surutu da gudu, kuma duka biyun ba ya sassautawa. A wani shinge kafin Damaturu aka ce kowa ya sauka da jakarsa. Jami'in da ya buɗe tawa ya ga kyamara, nan take fuskarsa ta canja.

"'Yar jarida ce ke?"

"A'a, ranka ya daɗe. Mai hoton biki."

Ya ce in kunna. Ya dinga dannawa, hula, hula, hula, mai ɗinkin zanna, mai ɗinkin Bama, wata a jiƙe, wata a bushe. Ya ɗago ya dube ni. "Duk abin da ya faru a garinku, hula kika gani?" Na ce ita na gani. Ya yi dariya ya miƙo min, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A Potiskum muka yi azahar, na ci shinkafa da wake a tsaye saboda Bukar ya riga ya fara danna oda. A Bauchi na sayi masa mai zafi, matar da ke kusa da ni ta taya ni ci ba tare da na yi mata tayi ba, ta kuma ce ba ta kai ta gidansu daɗi ba.

Jos

Da magariba muka shiga Jos, sanyi ya tarbe ni kamar yana jirana. Na sauka a gidan Mama Rifkatu, 'yar kudancin Borno, wadda ta koyar da ni a firamare kafin ta yi ritaya ta koma wajen ɗanta. Ta ba ni bargo biyu da dankali soyayye, ta shimfiɗa min tabarma ta nuna min gabas. Da na nuna mata hotunan, ta tsaya a kan hoton layin hulunan nan. Can ta ce, "Maigidana ma a wajen mutumin nan yake kai wanki." Nan na gane wataƙila hularsa na cikin layin.

Abuja

Da hantsi washegari na isa ɗakin aikin Oga Bashir. Mutum ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba. Ya ba ni shayi, ya zauna ya duba hotuna ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Na je alwala na bar masa kwamfutar, ko da na dawo na tarar ya tsallake waɗanda na ware, ya faɗa kan wancan.

"Hajara, wannan fa? Me ya sa kika ɓoye shi?"

"Mai shi bai yarda ba, Oga."

"Ki saurare ni. Na san mutanen nan, na zauna da su. In sun ji Maiduguri, ciwo suke son gani. Sauran hotunanki kyawawa ne, amma wannan ne zai tsayar da su. Ki sa shi a gaba, ni kuma in tsaya miki."

Na ce ba hula a kansa. Ya ce ai shi ya sa ya yi kyau, kuma a can ba wanda ya san hula wani abu ce. Na ce shi Ba Modu ya sani. Bai yi fushi ba, ya tashi ya buga hoton a babbar takarda ya shimfiɗa min a tebur, ya ce in kalle shi a haka tukuna, sannan in ce a'a.

Wallahi na kalla, kuma zuciyata ta so. Na hango shi a bango a wata ƙasa, sunana a ƙasansa, Inna ta daina tambayata yaushe zan nemi aikin kirki. Sai kuma raina ya ɓaci. Shekara da shekaru ana zuwa garinmu da kyamara, a nemi wanda ya fi kowa rama, a ɗauka a tafi. Yau kuma ni, 'yar Hausari, zan tuɓe wa aminin ubana hula a gaban duniya don a tafa min?

Na naɗe takardar na cusa a jaka. Na ce, "Oga, na gode da shayi. Zan bi layin gama-gari."

"Za ki ɓace a cikinsu."

"In ɓace. Amma da hularmu za mu ɓace."

Ya raka ni har bakin titi, ya ce taurin kaina ya yi yawa, na ce gado ne.

Komawa gida

Na sake kwana a Jos, na sake bin shingayen nan ɗaya bayan ɗaya. Muka samu shiga Maiduguri daf da a rufe hanya. Washegari ko karyawa ban yi ba na nufi bayan Kasuwar Kwastam.

"Wushe, wushe, 'yar Abuja," in ji Ba Modu, yana min sannu da Barbarci, hannunsa duk kumfa. "Sun karɓa?"

Na gaya masa komai, har da cewa mutum ɗaya ya ga hoton nan nasa ba hula, kuma laifina ne da na bar shi a kwamfuta. Na miƙa masa takardar na ce tasa ce, in ya so ya ƙona. Ya goge hannu, ya warware ta a kan benci, ya daɗe yana kallon kansa.

"Ashe haka na tsufa," ya ce.

Sai ya sunkuya ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci, ya fito da hularsa ta zuwa Juma'a. Ya jingina takardar da wani gungume kusa da layin hulunan da ba a zo karɓa ba, ya kifa hular daidai kansa na cikin hoton, ya ɗan karkata ta yadda yake sawa. Ya ja baya ya duba.

"Yauwa. Yanzu ya shirya ganin baƙi. Ɗauka ki aika musu."

Na ɗaga kyamara na ɗauka. Ba a rufe karɓar aiki ba tukuna, don haka a ranar na aika hotunan daga wani shagon intanet a unguwarmu, sabon nan mai hula shi ne na farko a jerin. Wancan na asali kuwa na goge shi a gaban Ba Modu.

Har yanzu ba su amsa ba, kuma ba na kwana da tunanin amsarsu. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mama Rifkatu da barguna biyu, da Oga Bashir da takardarsa. Jiya na bi ta rumfar, hoton na nan a jingine a ƙarshen layi, da hularsa a kai.