Jar Motar da Na Sayo wa Baba

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi rana ɗaya da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ba sai na yi dogon tunani ba: Asabar ɗin da na shigo Zuru da jar mota ce. Na je bakin daga, na yi aure, an haifa mini 'ya'ya, amma wannan ranar ce har yanzu in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Gidanmu gidan soja ne, kamar gidaje da yawa a garinmu. Baba direba ne, ya yi shekara talatin yana jan manyan hafsoshi kafin ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. Abin da na tashi ina gani a bariki shi ne Baba ya tsayar da mota, ya fito da sauri, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ta hannun dama, ya ƙame yana sara wa mutumin da a haife ya haife shi. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. Wata rana muna cin tuwo, ina ɗan firamare, na ce, "Baba, in na girma ni zan buɗe maka ƙofar baya." Aka yi dariya aka wuce. Mama ce ba ta bari maganar ta mutu ba, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ji ta.

Na girma na shiga soja ni ma. A farkon shekarun dubu biyu aka tura mu aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo, na dawo da igiya biyu ta kofur a hannu da alawus mai ɗan kauri. A wajenmu wanda ya dawo daga irin wannan tafiya an san abin da zai yi: ko ya yi wa gidansu rufin kwano, ko ya sayi babur, ko ya ƙara gona. Ni mota na ce. Kafin ma in ga motar da idona na buga waya shagon wani ɗan Ibo maƙwabcinmu, don shi kaɗai ke da salula a layinmu, na ce ya gaya wa Baba ranar Asabar ina tafe, ya shirya, alkawari ya zo cika.

Ranar Juma'a na isa Birnin Kebbi wajen wani dillali mai kawo motoci daga Kwatano. Da hankalina na je, wallahi. Har na zaɓi wata mai ruwan toka, ƙofa huɗu, shiru-shiru, irin ta shugaban makaranta. Ina cikin duba tayoyinta sai na hango wani jan hanci ya leƙo daga ƙarƙashin tamfol a can ƙarshen fili. Na ce wace ce waccan?

Dillali ya ce, "Kofur, rabu da wagga, ba taka ba ta. 'Yar Amurka ta. Wani ɗan masu kuɗi yas sa anka kawo mai ita, da yag ga yadda taka shan mai yag gudu."

Na ce ya dai buɗe in gani, kallo ba saye ba ne. Ya yaye tamfol. Ja ce wur, doguwar gaba, faffaɗan ƙirji, ta kwanta ƙasa-ƙasa, ga baƙin layi biyu sun taso daga hanci har bisa rufi. Sai ya shiga ya murza makulli. Jama'a, ban ji ƙarar da kunne ba, a ƙirji na ji ta. Awakin da ke kwance a inuwa suka watse, mai shayi na bakin ƙofa ya dafe kofunansa. Dillali ya leƙo ta taga yana ihu don in ji shi: "Fulogi takwas! Ka ji ta?"

Na ji ta. Daga nan kuma ban sake jin komai ba. Don in yi wa mutumin nan adalci, bai cuce ni ba. Sau uku yana gaya mini wannan ba motar iyali ba ce. Har ya kwantar da kujerar gaba ya nuna mini yadda ake kutsawa a shiga baya, na duba, na gyaɗa kai, na ce madalla. Idona ya gani, amma saƙon bai kai ƙwaƙwalwa ba, don ita tana can tana hango ni ina shiga Zuru mutane na faɗuwa daga kan babura. Mai ruwan tokar nan ko sallama ban yi mata ba.

Asabar da sassafe na kama hanya. Daga Birnin Kebbi zuwa Jega ban san lokacin da na iso ba. In na ɗan taɓa totur sai kujera ta mangare ni a baya, manyan motocin albasa kuwa sai dai in gan su a madubi suna ƙanƙancewa. Ina tuƙi ina waƙa, ni da ko a coci ba a barina in ɗaga murya. A wani shinge 'yan sanda suka ƙame suka sara mini tun daga nesa, da suka ga kofur ne kawai a ciki sai babbansu ya ce ba zan wuce ba sai na taka ta sun ji kukanta. Na taka musu har sau biyu, suka yi tafi. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni: allurar mai. Ban taɓa ganin allura tana tafiya ido na kallonta ba sai ranar. Kafin Koko na tsaya wajen 'yan bumburutu sau biyu.

Daga Koko ne hanya ta nuna mini iyakata. Rami a nan, rami a can, ita kuma cikinta a ƙasa, ko ɗan tudu ta hau sai in ji ƙuuu, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Na koma tafiyar hawainiya. Wani dattijo a kan keke, da akuya ɗaure a baya, ya wuce ni, na wuce shi, ya sake wuce ni, har muka saba muka fara gaisawa. Duk da haka bakina bai rufu ba.

Tun daga Dabai 'yan kabu-kabu suka yi mini rakiya, gaba da baya, suna ta danna ham. Da na karyo kwanar layinmu sai na ga abin da ban yi tsammani ba. An fito da bencina, an share ƙofar gida. Matan zumuntar cocin su Mama sun sha anko suna guɗa. An dama kunun zaƙi, ga kuma abin da tsofaffin sojoji ke sha a ƙwarya wanda ba kunu ba ne. Su kuma tsofaffin, abokan Baba, wajen goma sha biyu, sun yi layi biyu da lambobinsu a ƙirji, wani da sanda, wani da takalmin soja da zanen gida. Mai ba su oda shi ne aminin Baba, tsohon samanja, wanda muryarsa ba ta yi ritaya tare da shi ba. Ashe tun ranar da saƙona ya iso Baba ya bi su gida-gida yana cewa su zo su ga ranar da ɗansa zai buɗe masa ƙofar baya.

Baba ya fito cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ta sha guga, hula a karkace. Samanja ya daka tsawa, tsofaffi suka ƙame iya yadda gwiwa ta yarda. Baba ya tako a tsakiyarsu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ya zo daidai gefen baya na hannun dama ya tsaya cak, yana kallon gaba. Na fito, na gyara bel, na zagayo da irin saurin da na ga yana yi tun ina yaro. Na buga ƙafa, na sara masa, na miƙa hannu in kama marfin ƙofa.

Hannuna ya sauka a kan ƙarfe sumul.

Na shafa gaba, na shafa baya. Babu. Abin kunyar ma, sai da na zagaya ɗaya gefen na duba, kamar mai fatan ko can an sa. Guɗa ta tsaya. Gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai.

Samanja ya ce, "Kofur!"

Na ce, "Sa!"

"Ina ƙofa?"

"Babu, sa."

"An sace a hanya ne, ko can ka baro?"

Wurin ya fashe da dariya. Wani tsoho har ya zubar da ƙwaryarsa. Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗana, motar da ba a gama ƙerawa ba suka sayar maka?" Kowa na dariya ban da mutum ɗaya. Baba yana nan a ƙame inda yake, bai ko juyo ba. Nan dariyar ta fita daga raina gaba ɗaya.

Na yi sauri na buɗe ƙofar gaba, na kwantar da kujera, na ce, "Baba, ta nan ake shiga." Ya dubi ramin, ya dube ni. Don kada ya ba ni kunya sai ya gwada. Kai ya shiga, hula ta faɗi, kafaɗa ta shiga, gwiwarsa mai ciwo ta ce ba da ita ba. Ya maƙale, rabi a ciki rabi a waje. Sai da Samanja ya sa mutum biyu suka jawo shi da baya-baya. Ya miƙe, lambobinsa sun karkace, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Yanzu kam ba mai dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Ranar Litinin zan mayar in canzo mai ƙofa huɗu."

Ya taka zuwa gaban motar. Ya ce, "Buɗe bonet."

Na buɗe. Ya naɗe hannun kwat ya shiga abin da direbobin soja ke kira faretin farko, wato dubawar da ake wa mota kafin ta motsa: ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya duba ruwa, ya bi tayoyi yana bugawa da ƙafa. Sai ya dawo kan injin yana bin wayoyi da yatsa, leɓensa na motsi. Ya ɗago. "Takwas?" Na ce takwas. Wani abu ya gilma a fuskar tsohon nan da ban taɓa gani ba.

"Kawo makulli. Kai shiga baya."

Na naɗe kaina na kutsa, gwiwoyina a haɓa. Samanja ya taho zai haye gaba, Baba ya ɗaga masa hannu. "A'a, Samanja. Ba a ɗaukar fasinja in Oga yana baya."

Ya tayar da ita, kajin layinmu suka tashi sama. Muka fita gari muka ɗauki hanyar Riba. Motar da ta yi ta gurzar ciki a hannuna tun safe, a hannunsa ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Yana karanta ramuka tun daga nesa, yana sauya giya ba ka jin lokacin da ta shiga. Da muka sami wani miƙaƙƙen wuri mai kyau sai ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya nutsa ƙafa. Dawa ta gefen hanya ta koma kore ɗaya. Na dafe rufi ina kiran sunan Yesu, shi kuwa dariya yake, irin ta yaro, har da buga sitiyari. "Shekara talatin!" yake cewa. "Direba a hankali, direba a hankali! Yau wa zai ce mini a hankali?" Na ce, "Ni, Baba! A hankali!" Ya ƙara taka ta.

Sai da ya gaji don kansa ya sassauta. Injin ya koma gurnani ƙasa-ƙasa. Ya gyara madubi har idonsa ya sami nawa.

Ya ce, "Kai kana tsammani kunya nike ji in na buɗe wa hafsa ƙofa? Aikina ne, kuma duk barikin ba wanda ya kai ni. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kullum da safe in ɗauki 'ya'yan Oga a baya zuwa makaranta, in wuce ku a hanya kuna tafiya a ƙasa, kai da 'yan'uwanka, wani lokaci cikin ruwan sama. Ina ganinku a madubin nan. Ba ni da izinin tsayawa." Ya mai da idonsa kan hanya. "Yau na ɗauko nawa."

Kofur guda, wanda ya dawo daga yaƙi, na kifa fuska a gwiwa na yi kuka sosai, kuma da yake wurin ba faɗi, ko hannun share hawaye ban iya zarowa ba.

Motar ba ta koma Birnin Kebbi ba, kuma makullin bai dawo hannuna ba. Hutuna ya ƙare na koma bariki a motar haya. Baba ya kafa mata rumfa, kullum da safe sai ya yi mata faretin farko, amma Lahadi kaɗai take fita saboda shan manta, jikoki cunkushe a baya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, na yi shekara ashirin ina shirin warkar da ciwon da ni na ƙaga wa mahaifina, ban taɓa zama ko sau ɗaya na tambaye shi inda ke masa zafi ba. Tun daga lokacin, in zan kyautata wa mutum sai na fara tambayarsa, in kuma yi shiru in saurara. Da na sayo mai ƙofa huɗun nan, da na zaunar da shi a baya an yi tafi an watse, da kuma har Baba ya bar duniya ban san yana ganinmu a madubi ba.