Ɗorin Kafinta

A bencin asibitin dabbobi wani dattijo yana zaune rungume da kwali. Garin katako a girarsa, fensir a bayan kunne, yatsa ɗaya guntu: kafinta ne, ko ba a tambaya ba. A cikin kwalin wata farar kyanwa tana numfashi da baki buɗe. Ya ɗaure ƙafafunta na baya da siraran katako, gogaggu sumul don kada su soke ta. Aiki ne mai kyau, da a ce shi ake bukata.

Likita tana taɓa ƙafafun ta ji su sanyi ƙalau.

"Baba, ba karaya ba ce. Naman zuciyarta ne ya yi kauri, gudan jini ya toshe hanyar ƙafafun. Ga ruwa a huhu."

"To a fere inda ya yi kaurin mana, 'yata."

"Ba ƙofa ba ce, Baba."

Yana gyaɗa kai kamar wanda aka kama da kuskuren awo, sai ga wayar ɗansa, murya har bakin titi: "Wai saboda kyanwa ka rufe shago?" Dattijon ya kashe wayar.

Likita ta ce wahala kawai ta rage wa kyanwar, allura ɗaya za ta hutar da ita har abada. Ya sa hannu a takardar amincewa da ta miƙo masa.

"Ba ka rubuta sunanta ba, Baba."

"Shekara tara 'ke' nake ce mata. Ba wata a gidan da za ta amsa."