Ragowar Burodin Jibi

Ni ke sayo burodin jibin Ubangiji, wanda ake rabawa a sujada, domin maigidana ne mai bisharar 'yar majami'armu ta zana a wata unguwa kusa da Yankara. Duk sabbin tuba ne mu, iyayenmu a tsafi suka mutu. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne, burodi ya fara zuwa kasuwa cikin leda. In an gama jibi, abin da ya rage sai in marmasa wa kaji, kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai yayan maigida ya dawo daga aikin titi a kudu, da rediyo da wata sarƙa mai gicciye, wai can cocin masu Fada, wato Katolika, yake zuwa. Su biyun nan tun suna yara akushi ɗaya suke ci, bai kuma canja ba da ya dawo. Ni dai ban sake da shi ba. Mutumin da ke durƙusa wa teburin jibin da na san kafintan da ya ƙera shi, ai a sa masa ido.

Daga nan ragowar burodi ta fara ɓacewa. In na juya baya, faranti wayam. Zuciyata ta ce tsafin gidansu ya tono, yana kai wa wani abu. Wata Lahadi da hantsi na bi sawunsa, na same shi bayan rumbu a durƙushe, yana tsintar ɓarɓashi daga tafinsa da harshe, hawaye na zuba.

Na ce, "Yaya, mi ka ke yi haka?"

Ya ce, "Ke da ke ba kaji jikin Ubangiji, ni za ki tambaya?"

Na kai wa maigida maganar, aka zauna da Littafi. Yaya ya dage cewa an rubuta burodin jikin Ubangiji ne, shi kuwa ba zai ƙara wa magana ruwa ba. Maigida ya ce abin tuni ne kawai, burodin ma kowa ya san tandun da ya fito. Ya ƙara da cewa ai an kira Ubangiji ƙofa, wa ya taɓa neman sakata a jikinsa? Na yi dariya, Yaya bai yi ba. Duk da haka da tuwo ya sauka suka sa hannu tare, na ce a raina ashe ƙurar ta lafa.

Ranar Kirsimeti na yanka babbar kazata, jar nan mai ƙiba. Na aje musu akushi a zaure. Yaya ya wanke hannu, har ya ɗauki cinya, sai ya tsaya.

"Wace kaza ce wagga?"

"Jar nan ce, Yaya."

"Wadda ke jira bakin majami'a ran jibi?"

Na so in yi ƙarya, amma maigida na kallona. Na ce ita ce.

Ya mayar da cinyar a hankali, kamar mai kwantar da jariri, ya sake wanke hannu, ya fita. Na zaci fushin yini ɗaya ne. Har yau ina zargin akwai girman kai a ciki, amma hawayen bayan rumbu ba na ƙarya ba ne, abin kuma ya yi mini ciwo. Daga ranar har aka binne shi, akushi biyu nake kaiwa zaure.